Yayyafin da Baba Ya Yarje Mini

Shekara ɗaya cur na yi ina yi wa mahaifina ƙarya. Da ita zan fara, don in ban faɗe ta ba, sauran labarin zai zama na wani ƙato mai gemu da ke wasan yara a falon ubansa. An kore ni daga kwaleji a shekarata ta biyu. Jarrabawa ce ta kayar da ni, babu wani malami da ya tsane ni, babu maƙiyi, ni ne dai ban yi karatu ba. Maimakon in faɗa a gida, kullum da safe sai in goge takalmi, in rataya jaka, in ce, "Baba, na tafi makaranta," ya ce, "Allah Ya ba da sa'a." In hau keke daga Unguwar Sarki in sauka bakin Babbar Kasuwa, in wuni a shagon wani abokina mai gyaran waya.

Baba mai wankin hula ne. Wata rana wani malamin kwalejin ya kawo masa huluna, ya tambaye shi cikin tausayi ko yaron nan ya samu wata makarantar. A haka Baba ya ji, yana riƙe da hular mutum a hannu.

Bai dake ni ba, bai kuma zage ni ba, wallahi da ya yi da na fi so. Abin da ya yi shi ne ya daina ɗaukar maganata. In na ce an kawo wuta, sai ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitila. In na ce Inna na kiransa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Kin kira ni?" kafin ya miƙe. Ba da faɗa yake yi ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na kama gyaran waya da gaske a shagon abokina, na iya, har ana cewa a ba ni aikin da ya gagara, amma a gida ko hadari na ce ya taso sai Baba ya leƙa da kansa. Muka shekara biyu a haka.

A cikin shekara ta biyun ne abokina ya sayi sabuwar na'urar gem, ya ba ni tsohuwar da faifai ɗaya. Wasan na wani saurayi ne da aka cinye garinsu da yaƙi, yana ratsa garuruwa bakwai don ya kai ga sarkin da ya yi musu wannan aika-aika. Yana da takobi, yana kuma da sihiri kala-kala da yake koyo a hanya. Talabijin ɗinmu ɗaya ce, a falo take, kuma a lokacin gwiwa ta fara hana Baba zuwa kasuwa kullum. A tsakar gida yake wanki, ya sa wa huluna sitaci, ya kafa su a kan gumagumai masu siffar kai su sha rana, sannan ya shigo falo ya yi guga a kan tabarma.

Wata Asabar bayan azahar ina gari na uku, maƙiya sun yi mini zobe, na danna sihirin da na fi ji da shi. Ƙasa ta tsage, wani jibgegen abu mai ƙaho ya fito yana ruri, ya share su kaf. Ban san Baba na tsaye a bakin ƙofa da huluna a hannu ba.

"Mene ne wannan?"

"Wasa ne, Baba."

"Na ga wasa ne. Wa ya kira wancan mai ƙahon?"

"Yaron cikin ne."

"Wa ya sa yaron?"

Sai bakina da ba ya mutuwa ya fara bayani, wai ai zane ne, wuta ce da waya, ni da nake buɗe irin waɗannan na'urori na san babu ko aljani ɗaya a ciki. Ya bar ni na gama tsaf. Ya ce shi bai ce akwai aljani a akwati ba, ba yau aka haife shi ba. Amma hannun da ya saba kiran wani abu da ba Allah ba in an matsa masa, ko da wasa ne, shi ba ya son wannan hannu a gidansa.

Na ɗauka cewa zai yi in kwashe kayana. Sai ya ajiye hulunan, ya zauna, ya ce in buɗe masa sihirin gaba ɗaya in fassara masa ɗaya bayan ɗaya. Sun kai goma sha biyu, har da waɗanda ban isa in koya ba tukuna. Na farko wutar sama ce, sai an ambaci sunan wata sarauniyar rana. Ya ce a'a. Na biyu na rikiɗa ne, mutum ya koma kura. Ya ce Allah Ya sawwaƙe. Da na zo kan na tayar da matattu su yi maka yaƙi, sai ya ja a'uziyya, ya ce in wuce kada ma in ƙarasa. Haka ya yi ta yanke hukunci kamar alƙali a ranar kasuwa, har muka zo na can ƙasa, wanda ni kaina na manta da shi.

Wannan shi ake fara koya wa yaron a garin farko, don ya kashe wata 'yar gobara a rumbun wata tsohuwa. Na sa masa suna Yayyafi. Yaron zai kurɓi ruwa daga gorarsa ya fesa sama, sai wani ɗan gajimare da bai fi faifai ba ya tsaya yana ɗigo. Ba ya kisa, ba ya warkarwa, ko kaza ba ya kora.

"Wannan wa yake kira?" in ji Baba.

"Ba kowa. Ruwan gorarsa ne."

"Nuna mini."

Na nuna masa. Ya dubi kwanon da yake tsoma yatsu yana yayyafa wa hula ruwa kafin guga, ya dubi allon. Ya ce, "To wannan ai sana'ata ce. Wannan na yarje maka."

Sannan ya gindaya sharaɗi. Takobi da Yayyafi, su ke nan. In na taɓa ɗaya daga cikin sauran, na'urar ta bar masa gida. Ya ce shi ba zai yi gadina ba, yana da aikin yi, ni ne zan faɗa masa da bakina in na taɓa. Ya tattara hulunansa ya miƙe, da ya kai ƙofa sai ya ce, "Ko da yake..." Bai ƙarasa ba ya fita.

Wannan "ko da yake" ta tsaya mini a rai. Na ji haushi, na ji kunya, kuma na san da gaskiyarsa, wanda shi ya fi ba ni haushi. A zaunen nan na ƙudurta cewa sai na kai ƙarshen wasan nan da takobi da ruwan gora, ko da zan yi furfura a kansa. Ba wasan ne ya dame ni ba. So nake in faɗa wa Baba magana ɗaya a duniya ya ɗauka ba tare da ya leƙa waje ba.

Da na ba abokina labari, dariya ya yi har sai da ya ajiye abin walda. Ya ce, "Kai, da buta za ka je yaƙi? Ko gari na huɗu ba za ka wuce ba." Ya ce shi sau uku yana gama wasan, bai taɓa danna wannan abin ba bayan rumbun tsohuwa. Na ce masa ya zuba ido.

Makon farko na sha kashi. Wuraren da da nake wucewa ina cin gyaɗa, yanzu sai a kashe ni sau goma. Da yake ba ni da wani abin dannawa, sai na shiga fesa ruwa a ko'ina kamar mai ban-ruwa a lambu, a nan ne na fara ganin abubuwa. In na jiƙa dutsen matakala, sojojin da ke bina a guje sai santsi ya kwashe su, in bi su da takobi suna ƙasa. In na jiƙa maharba, tsirkiyar bakansu sai ta saki, kibiya ta faɗi a gabansu. Masu gadin dare na gari na huɗu da abokina ya ce ba sa wutuwa, ashe in ka kashe wutar da suke haskawa da ɗigo uku ba sa ganin komai, sai ka bi ta bayansu salin-alin. Akwai wasu rina manya-manya a wani kurmi, da fukafukansu sun jiƙe sai su zube suna tafiya da ƙafa. Ranar da na gano cewa mayaƙan da ba a gani, in suka shiga ƙarƙashin gajimaren sai ruwa ya zana siffarsu, ihu na yi har Inna ta leƙo daga madafa tana tambaya ko lafiya.

Sai dai abin da cin rai. Faɗan da mai ƙaho ke gamawa a ƙiftawar ido, ni sai in yi rabin awa ina zagaye, ina jiƙa nan, ina gudu can, in koma rijiya in cika gora. Ga wuta da ba ta da tabbas, wani lokaci ina gab da nasara ta tafi. Ga aiki, don sai Asabar da Lahadi da 'yan ranakun da na dawo da wuri nake samun zama, tsakanin azahar da magariba. Wata huɗu ya ci ni kafin in isa gari na shida.

Baba kuwa yana gefe yana guga, wai shi ba kallo yake ba. Amma na lura dutsen gugar yakan daɗe a tsaye. Wata rana ma har ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Gorarka ta kusa ƙarewa." Na ce, "Na gani, Baba." Muka ci gaba kamar ba a yi ba.

A ƙofar gari na shida na haɗu da wanda ya kusa kashe mini zuciya. Wani basamude ne na ƙarfe da maƙeran sarki suka ƙera, da wuta a cikinsa kamar murhu. Takobina in ya sare shi sai ka ji ƙararrawa, ko ƙwarzane babu. Ƙasar wurin yashi ce, ba ta santsi. In na yi masa Yayyafi sai ruwan ya yi cuu ya tashi tururi, shi kuwa ya ɗaga guduma ya mayar da ni fanke. Mako uku ina abu ɗaya. Abokina ya daina dariya ma, ya koma ba ni haƙuri, ya ce wannan dama an yi shi ne don mai ƙaho, babu wata hanya.

Sai ga wata Lahadi Baba ya tafi Zariya ta'aziyya, Inna ta shiga maƙwabta suna. Gidan ya rage daga ni sai basamuden. Ya kashe ni sau bakwai a jere, a na takwas na yi jifa da matashin kujera, na zagi wanda ya ƙirƙiro wasan da danginsa. A na tara na buɗe jerin sihirin. Ba kuskure ba ne, ba zamewar yatsa ba ce, ina sane na gangara har kan mai ƙaho na danna. Ƙasa ta tsage, ya fito, ya rungumi basamuden ya murƙushe shi kamar gwangwanin madara. Ƙofar garin ta fara buɗewa.

A kusurwar allon akwai wata 'yar alama da ke juyawa idan na'urar za ta adana inda ka kai. Ina ganin ta ɓullo na yi tsalle na fizge wayar daga bango. Allon ya yi baƙi. Da na sake kunnawa, ga ni a bakin ƙofa, ga basamuden tsaye garau, kamar ba a yi komai ba.

Na zauna ina haki, wata murya a cikina tana cewa ai shi ke nan, tunda bai adana ba, ba a yi ba. Na san muryar nan sarai, da ita na shekara ina rataya jaka. Da Baba ya dawo da yamma na karɓi ledarsa, na yi masa sannu da hanya, na tambayi mutanen Zariya. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga gajiya a fuskarsa, na ce bari sai gobe. Goben ta zama jibi.

Asabar ta gaba ina ta fama, shi yana guga. Da basamuden ya niƙe ni karo na uku sai ya ajiye dutsen, ya gyara zama ya fuskanci talabijin sosai, abin da bai taɓa yi ba.

"Kai, kana ɓarnar ruwa," ya ce. "Kana watsa masa ko'ina kamar mai wanka. Ba ka ga in ya gama sara uku ƙirjinsa yana yin ja ba?"

"Ina gani, Baba."

"To jira sai ya yi jan. Ka ba shi a wuri ɗaya, nan gindin wuya. Ya huce, ya sake yin ja, ka sake ba shi a nan ɗin dai. Na taɓa barin dutsen guga da gawayinsa a tsakar gida ruwan sama ya sauko, kafin in fito ya dare gida biyu. Ƙarfen zubi ba ya son haka."

Na yi yadda ya ce. Sara uku, in kauce, ƙirji ya yi ja, in fesa a gindin wuya. Karo na biyar na ji ƙas, wani siririn layi ya bayyana. Baba ya ce, "Yauwa! Kada ka yi gaggawa." Karo na tara wuyan ya buɗe, na zura takobi, kan ya gangaro ƙasa. Baba ya buga cinyarsa ya ce, "Raina kama ka ga gayya!" Yana dariya har da tari, ya ƙwala wa Inna kira ta zo ta ga abin da ruwan gora ya yi. Rabon da in ga haƙoransa saboda wani abu da na yi, na manta. Ni kuwa ina murmushi ina tuna ranar da ya je Zariya.

Daga ranar ya zama abokin tafiya. In na dawo daga shago sai ya ce, "Yau ba za mu shiga garin ba?" Gari na bakwai ya ci mu wata guda da 'yan kwanaki. Sarkin nasu a kan wata doguwar hasumiya yake, yana jifa da tsawa, kuma Baba ne ya lura cewa in dandamalin da yake tsaye ya jiƙe, tsawar tasa shi take fara kamawa. Kullum ina cewa yau zan faɗa masa, kullum sai in ga yadda yake matso da tabarmarsa kusa da kujerata, in fasa. Tsoro nake ji ƙwarai, ba na rasa na'ura ba, na ya koma duban ƙwan fitila.

Muka gama wata Lahadi ana gab da kiran la'asar. Sarkin ya faɗo, mutanen garin suka fito suna murna, aka yi ta kiɗa. Sai wani allo da ban san da shi ba ya fito, mai lissafin duk abin da ka yi tun daga ƙofar gari na huɗu, inda wasan ya ce tafiyar gaske ta fara. Ga sunayen sihirin a jere, kowanne da adadin dannawar da aka yi masa. Baba ya laluba aljihu ya sa tabarau.

"Karanta mini."

Na karanta. Wutar sama, babu. Rikiɗa, babu. Mai ƙaho, babu. Haka har ƙasa, sai Yayyafi shi kaɗai da lamba doguwa a gabansa. Baba bai iya Turanci ba amma ya san sifiri, ya matsa kusa ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ga shaida ta zo har gida, wadda ban nema ba. Ya cire tabarau, ya ce, "Madalla," ya miƙo mini hannu kamar yadda yake miƙa wa manya.

Ban karɓa ba. Na sauko daga kujera na durƙusa.

"Baba, na taɓa. Sau ɗaya. Ranar da ka je Zariya na kira mai ƙahon, da sanina. Na zare waya kafin ta adana, shi ya sa bai fito a nan ba."

Hannun nasa ya daɗe a miƙe kafin ya sauke. Ladan ya fara kiran salla. Ya dubi allon, ya dube ni, ya sake duban allon.

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

"Innarka?"

"Tana gidan suna."

Ladan ya kai rabin kiran. Sannan ya nuna talabijin da haɓa ya ce, "Ashe ita ma ta iya ƙarya." Ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar. "Magana magana ce. Gobe na'urar nan ta bar gidan nan."

"To, Baba."

Washegari da safe na naɗe wayoyin, na sa komai a kwali na kai wa abokina. Da na dawo da yamma Baba na tsakar gida yana kafa huluna, ya ba ƙofar falo baya. Na gaishe shi, na ce, "Baba, na mayar."

Falon yana nan taku uku daga inda yake tsugune, labulen ma a ɗage. Na tsaya ina jira ya juya.

"To, sannu," ya ce. "Miƙo mini sitacin can."